Daɓen Hanyar Mota Ya Tsage: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gyaran Kankare

Waɗannan su ne tambayoyin da masu gida suka fi yi idan daɓen kankaren da mota ke bi daga bakin get zuwa gareji ya fara tsagewa. Kusan duk amsoshin suna komawa kan abu biyu: shin tsagar tana motsi ko ta tsaya cak, kuma me ke faruwa a ƙarƙashinta. A san waɗannan biyun tukuna kafin a sayi komai.

Daɓen ko shekara bai yi ba ya tsage. Magini ne ya cuce ni?

Ba lallai ba ne. Kankare gwani ne wajen ɗaukar nauyin da ke danne shi, amma in jan sa ake yi, ƙarfinsa bai fi kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Kuma tun ranar da aka zuba shi ake jan sa. Ruwan da aka yi kwaɓi da shi, wani ɓangarensa siminti ne ke shanyewa ya daskare, ragowar kuma ya yi ta fita a hankali tsawon watanni. Yana fita, kankaren yana tsukewa. Daɓe mai tsawon mita 10 zai iya raguwa da kimanin milimita 5. A ido ba komai ba ne, sai dai ƙasar da ke ƙarƙashi ta riƙe shi gam, ta hana shi matsewa yadda yake so, sai ya dare a inda ya fi rauni. Ga kuma zafi da sanyi: wannan daɓen dai, in zafin jikinsa ya sauya da digiri 30, zai miƙe ko ya tsuke da kusan milimita 3.

Saboda haka tsagewa halin kankare ce. Abin da magini na ƙwarai ke yi shi ne ya zaɓa masa inda zai tsage, ta hanyar yanka layuka a jikinsa ya raba shi falle-falle. Waɗannan layukan su ne gaɓoɓin daɓe. In tsagar ta bi cikin gaɓa, aiki ya yi kyau ke nan, ba abin kuka ba ne.

Inda laifin aiki yake fitowa fili shi ne idan ba a yanka gaɓa ko ɗaya ba, ko ba a daddaɓe ƙasar ciko ta zauna ba, ko an bar daɓen ya bushe a rana ba ban ruwa, ko kuma an cika wa kwaɓin ruwa. Wannan na ƙarshen ya fi yawa, don leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa, ya fi sauƙin ja da shebur. Tun 1918 wani injiniya ɗan Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana raguwa ne gwargwadon yadda aka ƙara ruwa a kan siminti. Buhu mai kilo 50 ba ya buƙatar fiye da lita 22 zuwa 25, har da damshin da yashi ya zo da shi.

Yaya zan bambance tsagar da ba komai da wadda za ta ba ni matsala?

Durƙusa ka duba abu uku: faɗinta, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, da kuma siffarta.

Akwai ƙananan tsagogi da ke bin fuskar daɓe kamar raga, waɗanda ba a ganinsu sosai sai an jiƙa wurin ya fara bushewa. Waɗannan a fata kawai suke, ba su kai ciki ba. Sukan fito ne in an yi ta shafa fuskar da cokali tana da ruwa, ko an barbaɗa busasshen siminti a kai. Muni ne kawai, ba sa rage ƙarfi. Akwai kuma gajerun tsagogi da ke jere kusa da juna, waɗanda suka fito tun ranar zubi saboda iska da rana sun busar da saman kafin cikin ya kama. Su ma yawanci ba sa ƙaruwa.

Doguwar tsaga guda da ta ratsa daɓen daga gefe zuwa gefe, gefunanta daidai da juna, yawanci ta tsukewa ce. Ta ratsa har ƙasa, amma likewa kawai take so. Wadda ke tada hankali ita ce wadda in ka shafa da tafin hannu za ka ji gefe ɗaya ya yi tudu, ko wadda ta yanke kusurwar falle, ko tsagogi da yawa da suka haɗu suka mai da wurin guntu-guntu. Waɗannan suna nuna cewa ƙasar ƙarƙashi ce ta gaza.

Ɗauki guduma ka ƙwanƙwasa daɓen a hankali, kana matsowa daga nesa zuwa bakin tsagar. Inda kankare ya zauna daram a kan ƙasa, sautin gajere ne mai kauri. Inda akwai kogo a ƙarƙashi, ko saman ya rabu da cikin, za ka ji sautin ya canza ya koma fanko. Zagaye wurin da alli. Bayan ruwan sama kuma ka leƙa bakin tsagar: in ka ga laushin yashi ko laka ta taru a leɓenta, to duk lokacin da taya ta hau, daɓen yana lotsawa ya feso ƙasar da ke ƙarƙashinsa waje.

Me ake nufi da tsaga tana motsi, kuma ta yaya zan sani?

Wata tsagar ta gama abin da za ta yi ta tsaya. Wata kuwa kullum tana buɗewa tana rufewa: da asuba ta ɗan buɗe, da rana kankare ya ɗumama ta matse, in mota ta hau gefe ɗaya ya ɗan lotsa. Wannan bambancin shi ke yanke hukuncin abin da za a cika ta da shi.

Gwajin ba wuya. Ja layi biyu da fensir, ɗaya a kowane gefe, ka auna tsakaninsu da rula ka rubuta. Yi alama a ƙarshen tsagar ma, ka sa kwanan wata. Ka riƙa sake aunawa da sassafe da kuma tsakar rana, na wasu makonni, in da hali har ka ga damina da rani. Wata hanyar ita ce ka shafa ɗan siririn kwaɓin siminti ya haye tsagar a wuri biyu ko uku. In ya tsage bayan ya bushe, tana motsi.

In ba ka da haƙurin jira, ɗauka tana motsi. A daɓen da ke waje, rana na dukansa mota na hawansa, duk tsagar da ta ratsa har ƙasa kusan gaɓa ce da daɓen ya yanka wa kansa.

In na ƙyale ta fa?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ruwa ne ƙadangaren. Yana shiga ya jiƙa ƙasar ciko ta yi laushi, ya riƙa kwashe ta kaɗan-kaɗan, har kogo ya samu. Fallen da ba abin da ke tallafe da shi a ƙasa kuwa, mota na hawa zai karye. In ƙasar wurin mai yumɓu ce, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, daɓen ya yi ta hawa da sauka. In akwai rodi ko ragar waya a ciki, ruwa da iska za su sa ya yi tsatsa, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, sai ta tura kankaren ya ɓare daga ciki. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa abin ya fi muni, don ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari, ya buɗa tsagar kowane sanyi.

Ƙananan duwatsu ma suna faɗawa ciki. Da rana ta yi, kankare ya zo rufewa ya tarar da dutse, sai leɓen tsagar ya ɓantare. Tsagar da ba ta kai kaurin farce ba za ka iya zuba mata ido. Wadda katin banki zai shiga, a like ta.

Ba zan iya dama siminti da ruwa in ɗura a ciki ba?

Wannan shi ne gyaran da aka fi yi, kuma shi ne aka fi asara a kansa. Ranar da aka yi yana da kyau, layi ya cike sumul. Bayan 'yan makonni sai ka ga siririyar tsaga ta fito a gefen facin, wani lokaci a gefe biyu. Daga nan ya fara ɓallewa guntu-guntu, tsintsiya na kwashewa, a dawo 'yar gidan jiya.

Dalilai uku ne. Ruwan siminti zalla ya fi kankare tsukewa, don haka yana bushewa yake janye jiki daga bangon tsagar. Na biyu, tsohon kankare busasshe yana zuƙe ruwan kwaɓin kafin simintin ya kama, sai ya zama gari-gari. Na uku, kuma shi ne babba, siminti ba ya miƙewa. Ƙarfin da ya tsaga daɓe mai kaurin santimita 10 bai tafi ko'ina ba, ɗan siririn faci ba zai tare shi ba.

Siminti yana da wurinsa a gyara, a ramuka da karyayyun gefuna da faffaɗar tsagar da ta tsaya. Amma ba a siririyar tsaga mai motsi ba.

To da me ake cikawa?

Ga tsaga mai motsi, danƙon foliyuretan da aka yi musamman don kankare. Yana zuwa a cikin kwalin da ake sa wa bindigar matsa gam, in ya bushe kuma ya zama kamar roba, yana miƙewa yana dawowa. Iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa da ke kwanciya da kansa ya daidaita, wannan na shimfiɗaɗɗen wuri ne. Akwai mai kauri da ake shafawa da hannu, shi ne na gangare, don mai ruwan zai malale ya taru a ƙasa. Akwai kuma silikon na gaɓoɓin kankare, wanda ya fi jure rana, sai dai fenti ba ya kama shi. Kada a rikita shi da silikon ɗin da ake like gilashi ko bahon wanka da shi.

Ga tsagar da ta tsaya, wadda ake so a haɗe gefunanta su koma abu guda, efoksi. Ruwa biyu ne ake haɗawa, in ya kama ya fi kankaren kansa ƙarfi. Nan ne kuma matsalarsa take: in aka sa shi a tsaga mai motsi, shi ba zai karye ba, sabuwar tsaga ce za ta fito a gefensa.

Ga rami, ɓantararren leɓe, ko tsagar da ta tsaya kuma ta fi santimita ɗaya da rabi faɗi, kwaɓin faci mai folima a ciki, wato sinadari mai kamar gam da ke sa siminti ya ƙara kamawa. Ana sayar da shi a haɗe, ruwa kawai za a zuba, ko kuma a sayi ruwan folimar mai kama da madara a zuba a kwaɓin siminti da yashi.

A ganina, mai gida da ke da tsaga ɗaya ko biyu ya sayi foliyuretan ya huta. Ko tsagar na motsi ko ba ta motsi, zai hana ruwa shiga, kuma hana ruwa shiga shi ne maƙasudin aikin.

Yaya ake yin aikin daga farko har ƙarshe?

Mafi yawan lokacin a shara zai tafi, kuma a nan ake cin nasara ko a faɗi. Tuge ciyawa da saiwarta. Bi tsagar da kurfi da guduma ka fasa duk abin da ke girgiɗi, ka kankare tsohon faci in akwai. In tsagar siririya ce, danƙo ba zai samu wurin zama ba, sai an buɗa ta da giranda mai faifan yankan dutse, a yi mata kwari mai faɗin kimanin milimita 6, zurfi ya ɗan fi haka, bangonsa a tsaye. Mutane sukan ji tsoron wannan matakin, suna ganin ana ƙara ɓarna ne. Dalilinsa shi ne danƙo mai faɗin milimita 6 zai jure buɗewar milimita ɗaya, amma mai faɗin milimita ɗaya in aka ce ya ninka kansa, yagewa zai yi.

Daga nan buroshin waya, sai a zuƙe ƙurar da inji ko a hure ta. Goga yatsa a bangon kwarin. In ya fito da fari, ba a gama ba, don danƙon zai kama ƙura ne ba kankare ba. In akwai baƙin mai da ya ɗiga daga mota a wurin, a wanke da sabulun cire maiƙo, ko a yanke wurin da giranda har a kai tsabtataccen kankare. In an yi amfani da ruwa wajen wanki, a bar wurin ya bushe sarai, aƙalla kwana ɗaya ko biyu na rana. Saman yakan bushe cikin tsagar na jiƙe.

Sai a tura igiyar soso a ciki. Soso ne mulmulalle dogo da ake sayarwa don wannan aikin, a zaɓi wanda ya fi tsagar kauri da kusan kashi ɗaya cikin huɗu don ya matse. A tura shi da abu marar kaifi har ya bar zurfin da danƙo zai cika: kimanin rabin faɗin tsagar in faffaɗa ce, amma kada ya gaza milimita 6. In mai kwanciya da kansa za ka sa, toshe duk wata kafa da kuma ƙarshen tsagar, in ba haka ba za ka matsa kwali guda ka juyo ka tarar ya tsiyaye ƙasa ba alamarsa.

Manna salatif ɗin takarda a gefe biyu. Yanke bakin kwalin daidai faɗin kwarin, ka sa bakin a ciki kana ja a hankali, danƙon na cikowa daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. Ka bar shi ya ɗan yi ƙasa da fuskar daɓe da kamar milimita 2, taya ta riƙa wucewa ta samansa ba ta taɓa shi. Cire salatif tun danƙon na ɗanye.

Dole sai da igiyar soso? Yashi ba zai yi ba?

A siririyar tsaga mai zurfi, busasshen yashi zai toshe ƙasa ya hana danƙo tsiyayewa, kuma ana yi. Amma soso ya fi, don danƙo ba ya manne masa. Ana so danƙon ya kama bango biyu kawai, ƙasansa a sake, ya samu damar miƙewa. In ya kama ƙasa ma, ba shi da inda zai ja, sai ya yage ta tsakiya ko ya saki gefe ɗaya. Cika rami mai zurfi da danƙo zalla kuwa ɓarnar kuɗi ce, kuma mai kaurin ya fi saurin sakin bango.

Gefen daɓen ya ɓantare ya bar rami. Shi ma danƙo?

A'a, nan aikin kwaɓi ne, kuma dokarsa ta saɓa wa ta danƙo: danƙo busasshen wuri yake so, siminti kuwa mai damshi.

Yanke kewayen ramin da giranda ya zama mai kusurwa huɗu, bangonsa a tsaye, zurfin aƙalla santimita ɗaya zuwa biyu. Facin da aka shafe bakinsa ya siranta har ya ɓace a kan tsohon daɓe, daga bakin nan yake fara ɓarewa. Fasa duk inda guduma ta ce fanko ne. In ka tarar da rodi mai tsatsa, tone bayansa yadda yatsa zai zagaya, ka goge shi da buroshin waya har ƙarfe ya fito. Wanke ramin, ka jiƙa shi na wasu awanni, sannan ka tsane ruwan da ya kwanta. Ana so ya yi duhun damshi amma ba ya sheƙi.

Dama siminti da ruwan folima ya yi kauri, ka goga shi da buroshi a ƙasa da bangon ramin, ka zuba kwaɓin a kai tun bai bushe ba. In ya bushe kafin ka zuba, ya koma shamaki maimakon gam. Kwaɓin, siminti ɗaya yashi mai kaifi uku, ruwa kaɗan yadda in ka dunƙula zai tsaya. In ramin ya fi santimita 5 zurfi, a sa ƙananan tsakuwa. Danna shi sosai, ka ja miƙaƙƙen katako a kai ya daidaita da tsohon. Rufe da leda ko jiƙaƙƙen buhu, ka riƙa ba shi ruwa har kwana 7, sai dai in wanda aka haɗo daga kamfani ne kuma takardarsa ta faɗi wani abu daban.

In ramin a bakin gaɓa yake, kada facin ya haye gaɓar ya haɗe falle biyu. Sa siririn kwali ko soso a layin kafin ka zuba, daga baya a like layin da danƙo.

Gefe ɗaya ya nutse, ɗayan ya yi tudu. Cikawa za ta yi magani?

Ba za ta yi ba. Matsalar a ƙasa take, ko ciko bai zauna ba, ko ruwa ya kwashe shi. Fara da neman ruwan: indararo da ke zuba a gefen daɓe, bututun da ke yoyo a ƙarƙashi, ko gangaren da ya juyo da ruwa wajen. In ba a tare shi ba, kowane gyara na ɗan lokaci ne.

In tudun kaɗan ne, milimita 6 zuwa santimita ɗaya, kuma ya daina ƙaruwa, ana iya gurje leɓen da ya fito don kada a yi tuntuɓe, sannan a like. In ya fi haka kuma fallen bai farfashe ba, akwai masu ɗaga shi: su huda ramuka a jikinsa, su tura kwaɓi mai ruwa ko kumfar foliyuretan da famfo, ta cike kogon ta turo fallen sama. Wannan aikin masu kayan aiki ne, kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Inda babu su, ko fallen ya karye gida uku ko huɗu, a yanke shi daga gaɓa zuwa gaɓa, a fasa, a gyara ƙasar, a sake zubawa.

Saiwar bishiya ce ta ɗaga shi. In sare saiwar?

Yi hattara. Manyan saiwoyin da ke kusa da gindi su ne ke riƙe da bishiya, in ka datse su za ta iya bushewa ko iska ta kayar da ita, wataƙila a kan motar da ake yi wa hanyar. Ƙaramar saiwa da ke nesa da gindi ana iya yanke ta a sa shinge a ƙasa. In babba ce, ko dai a kauce da hanyar, ko a mai da wannan yankin na bulon shimfiɗa da ake iya ɗagawa a sake jerawa, ko a haƙura da bishiyar. Saiwar da aka yanke aka bari a ƙarƙashi kuma za ta ruɓe ta bar kogo, gara a ciro ta.

Wane lokaci ya fi dacewa a yi gyaran?

Ranar da ba a sa ran ruwa har awa 24, kuma ba tsananin zafi ko tsananin sanyi. Yawancin waɗannan kayan an yi su ne don aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35. Ka guji tsakar rana: tsagar a matse take a lokacin, ga shi kankare mai ɗumama yana fitar da iska daga ƙofofinsa, ta kumbura danƙon ya yi ƙuraje. La'asar sakaliya, daɓe ya fara hucewa, ta fi.

Yaushe mota za ta hau?

Danƙo yakan yi fata cikin awanni, amma cikinsa yana ɗaukar kwanaki. Ba shi kwana 2 zuwa 3, ko abin da aka rubuta a jikin kwalin. Facin siminti da sabon falle, kwana 7 ga ƙaramar mota. A lokacin kankare ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Babbar mota ta jira kwana 28.

Gyaran zai ɓace, ko za a riƙa ganinsa?

Za a gani. Barbaɗa busasshen laushin yashi a kan danƙon tun yana ɗanye yana rage sheƙinsa, ya kuma hana ƙura da ganye mannewa. Faci kuwa launinsa ba zai taɓa zama ɗaya da tsohon ba.

In shafe daɓen gaba ɗaya da sabon siminti a sama, ba shi ke nan ba?

In fuskar ce kawai ta lalace, ta yi raga ko tana ɓarewa sama-sama, kuma ƙasan lafiya lau, akwai kwaɓin shafe mai folima da aka yi don haka, yana kuma yin kyau in an wanke an kankare tsohon sosai. Filasta ta siminti da yashi zalla, siririya, ba ta jure taya, ɓawo-ɓawo za ta tashi.

Amma shafe ba ya kashe tsaga mai motsi. Duk inda take a ƙasa, nan za ta ɓullo a sama, a kan layinta. Haka gaɓoɓi: dole a sake yanka su a daidai inda suke. Akwai kuma wata cuta da shafe ba ya yi wa komai, inda wasu irin duwatsu ke faɗa da sinadarin siminti in akwai damshi, su fitar da wani abu mai kumbura daga ciki. Thomas Stanton ne ya bayyana ta a Kalifoniya a 1940. Alamarta tsagogi masu rassa ko'ina, da wani farin abu ko danshi a bakinsu, kuma suna ƙaruwa shekara bayan shekara. Irin wannan daɓen sai dai a rage masa ruwa a ja lokaci.

Akwai haɗari a aikin?

Akwai, kuma an fi raina na ƙura. Farar ƙurar da giranda ke tayarwa tana ɗauke da silika, wadda in ta shiga huhu ba ta fita, tana yi masa tabon da ba ya warkewa. A sa takunkumi na ƙwarai mai tace ƙura, ba ƙyalle ba, a sa tabarau, a kuma tsaya inda iska ke kwashe ƙurar. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da an ji zafi da wuri ba, musamman in ya shiga takalmi ko aka durƙusa a kansa. Efoksi da foliyuretan kuma suna sa wasu ƙaiƙayi da kumburi. A sa safar hannu ta roba. Kada a cire murfin kariyar giranda don faifai ya shiga lungu.

Yaushe zan daina faci in fasa a sake? Kuma me zan sa wa ido a sabon?

In yawancin fallayen sun farfashe, ko guduma na cewa fanko a ko'ina, ko ka tona gefe ka ga kaurin bai fi santimita 5 ko 6 ba, ko kankaren na marmashewa in ka kankara da ƙusa, faci ya zama zuba kuɗi a rami. In falle ɗaya ko biyu ne, su kaɗai za a canza.

A sabon zubi, ka tsaya a kan aikin da kanka. A kwashe baƙar ƙasa ta sama da duk saiwa, a zuba tsakuwa ko ciko mai kyau kamar santimita 10, a daddaɓe shi da inji shimfiɗa bayan shimfiɗa, ba a jibge a bi ta kai sau ɗaya ba. Kaurin kankare santimita 10 ga ƙananan motoci, 15 in tanka ko tifa za ta riƙa shiga. In za a sa ragar waya ko rodi, a ɗora shi a kan ƙananan dutsen siminti ya zauna a tsakiya ko ɗan sama da tsakiya. Wanda aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba kankare a kai ba ya aikin komai. Rodi ba ya hana tsagewa, riƙe tsagar yake yi kada ta buɗe. A ba daɓen gangare na kamar santimita 2 a kowace mita, ruwa ya nufi waje da gini. Inda ya haɗu da bango, ginshiƙi ko daɓen gareji, a sa soso ko wani abu mai laushi a tsakani.

Gaɓoɓi kuma kada tsakaninsu ya wuce mita 3 a daɓe mai santimita 10, fallayen su yi kusa da murabba'i, tsawo kada ya fi faɗi da rabi. Zurfin yankan kashi ɗaya cikin huɗu na kauri, wato santimita 2 da rabi. Layin da aka ja da bakin cokali don ado ba gaɓa ba ne. A yanka tun kankare na ɗanye da abin ja, ko da inji da zarar ya kama yadda faifai ba zai tuge tsakuwa ba, cikin awa 6 zuwa 18, kada a bari ya kwana biyu. Daga nan a rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ban ruwa har kwana 7, a kuma bar get ɗin a kulle ga motoci har kwanakin su cika.